Musayar mota: ciko ake dubawa, ba kuɗin da dillali ya ambata ba

Tambaya: Dillali ya taya tsohuwar motata fiye da yadda na zata, ya ce in bar ta in ɗauki wata in yi ciko. In amince?

Amsa: Malam, kada ka yi saurin murna. Musaya ciniki biyu ne a haɗe, sayarwa da saye, kuma dillalin da ya ƙara wa motarka kuɗi yana iya ɗora abin da ya ƙara a kan wadda zai ba ka. Ka fara taya motar da kake so kamar mai kuɗi a hannu, sai an tsayar da farashi sannan ka fito da maganar taka. Kafin nan ka zaga da ita wurin dillalai biyu ko uku su taya, domin ka san inda darajarta ta tsaya. Kada kuma ka sa ran zai biya abin da mai sayen hawa zai biya, tunda shi sai ya gyara, ya ajiye, ya nemi riba.

Tambaya: Abokina ya ba ni shawarar in sake wa motar fenti, in kuma sa a rage kilomitar da mita ke nunawa kafin in kai ta. Yaya kake gani?

Amsa: Ina ganin abokinka zai sa ka yi asara biyu. Kuɗin fenti da wuya ya dawo a musaya, domin sabon fenti a jikin tsohuwar mota tambaya ɗaya yake jawowa, wato ko ta taɓa yin haɗari. Dillali zai shafa bodin, ya duba robar gilashi ko fenti ya fantsama a kanta, wani ma ya ɗora maganaɗisu a ƙofa ya gane inda aka yi cike, daga nan ya rage kuɗin da ka zata za a ƙara. Wankewa ciki da waje, sauya ƙwan fitilar da ya mutu, da kawar da warin ciki sun isa.

Rage mita kuwa algus ne, kuma yawan tambayata da ake yi a kansa ba kunya yana damuna. A Amurka doka ta hana shi tun 1972. Ba ya ma ɓoyuwa yadda ake tsammani, domin sitiyarin da ya yi sulɓi, robar birki da ta cinye, da kujerar direba da ta lotsa duk suna ƙaryata mitar da ke nuna ƙaramar tafiya. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da mahaɗin na'urar bincike ta OBD-II, kuma a wasu samfura kwamfutar motar na ajiye kilomita a wani wuri dabam da fuskar mita. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda aka daidaita tun 1981, kan fallasa tarihin motar idan ta fito daga ƙasar da ake rubuta shi. Cutar ba ta tsaya a aljihu ba: wanda ya sayi motar zai jinkirta sauya bel ɗin taimin, wanda ke daidaita buɗewa da rufewar bawul a injin, bisa lissafin ƙarya, ranar da ya tsinke kuma a wasu injuna sai bawul ya lanƙwashe. Sannan ka tuna motar da za ka ɗauka ma ta bi ta hannun mutane, wataƙila masu aboki irin naka. Kuɗin fentin nan ka biya bakaniken da ka yarda da shi ya duba ta, ya tayar da injin yana sanyi, ya karanta lambobi huɗu da ke gefen taya, inda 2319 ke nufin an ƙera tayar a mako na 23 a shekarar 2019.

Tambaya: Ban san komai game da mota ba, ina tsoron a cuce ni, ga shi motar tana cin kuɗin gyara.

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan tsoron ya fi gaugawa amfani. Ki tattara takardun motar, da rasiɗan gyara, da makulli na biyu, domin suna ƙara mata daraja. Ki tafi da wanda ya san mota kuma ba shi da kamasho a cinikin. Kada ki miƙa makulli sai an rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasin motocin biyu, da ciko, da ranar miƙawa, saboda duk abin da aka aikata da motar da har yanzu ke da sunanki, ke za a fara nema. Idan aka ce sai yau ko a fasa, ki tashi ki tafi gida.

Tambaya: In cire sabon batir in mayar da tsoho kafin musaya?

Amsa: Idan ta ƙi tashi a gaban dillali, abin da zai rage ya fi kuɗin batirin. Ka bar shi.