Amsa ga ƴar'uwar da za a kawo wa marainiya daga Maraɗi

Ƴar'uwa, wallahi ina karanta tambayarki gabana ya faɗi. Kin ce yarinyar shekararta uku, kina son kai ta gwajin lafiya a asibiti amma kina tsoron bakin dangi. Ni bakin dangin nan ne ya cuce ni.

Ɗan ƙanin maigidana aka kawo mana daga Damagaram bayan rasuwar uwarsa, ba katin rigakafi, sai kaya a leda. Ina ambaton asibiti yayar maigida ta hau ni da faɗa a gaban baƙi, wai ƙyamar maraya nake, wai da ɗan cikina ne ba zan sa a zuƙe masa jini ba. Har a gidan suna sai da ta maimaita. Matar da ko kwana ɗaya ba ta taɓa riƙe yaron ba! Na haƙura na bari. Bayan wata tara zazzaɓi ya kai mu asibiti, aka duba jini, sai ga ciwon hanta nau'in B. Ga shi reza ɗaya nake yanke musu farce da ita, shi da yarana. Daren nan ban runtsa ba, ina kan sallaya ina kallon su suna barci ina kuka. Allah ya taimake ni an yi wa nawa rigakafinsu tun suna jarirai, ba su ɗauka ba. Yayar maigidan kuwa har yau ko sannu.

Ki kai ta tun satin farko, asibitin yara na Hasiya Bayero ko Asibitin Malam Aminu Kano a nan Kano, ke da mijinki kawai, ba sai kowa ya sani ba. A duba hanta da ƙanjamau, a maimaita bayan wata 6. Likita ya ce mana jariri 9 cikin 10 da suka ɗauki ciwon hanta nau'in B wajen haihuwa yana zama a jikinsu, kuma ba alama, don haka ƙibarta kada ta ruɗe ki. Tarin fuka ma, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati. Bahaya don tsutsar ciki, fitsari don tsargiya. In ba kati a fara mata allurai, kin dai ga abin da mashaƙo ya yi mana a garin nan a 2023.

Don Allah kome ya fito kada ki ware mata kwano, ba a ɗaukar ciwon hanta nau'in B ta abinci. Reza da buroshi ne kowa nasa. Masu kawo miki saiwar maganin ciwon shawara kuwa ki yi musu godiya ki ajiye. Namu yanzu yana aji 2, duk wata 6 muke komawa a duba hantarsa.