Tambayi Likita: Jini a ƙarshen fitsari, da sauran tambayoyinku kan tsargiya

Yawancin saƙonnin da suka shigo wannan makon a kan tsargiya suke. Ba mamaki. Damina ta cika kududdufai, yara sun sha iyo, yanzu ne abin ya fara bayyana a fitsarinsu.

Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 11 idan yana fitsari, in ya kusa gamawa sai jini ya ɗigo. Ba ya kukan ciwo sosai. Kakarsa ta ce girma ne ya zo masa, haka babansa ma ya yi kuma ya daina da kansa. In ƙyale shi? Daga wata uwa a Daura.

Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki ƙyale shi. Allah Ya ƙara wa Kaka lafiya, amma namiji ba shi da jinin balaga. Yaron da ke shiga ruwa, ko kududdufin bayan gari ko madatsa irin Sabke da Daberam, idan ya fara ɗigar da jini a ƙarshen fitsari, tsargiya ce abu na farko da muke zargi.

Tsutsa ce ke kawo ta, kuma ba ta baki take shiga ba, ta fata ce. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. In kika ɗaga ganyen bado a bakin kududdufi za ki gan su manne a ƙasansa, da ƙyar suka kai girman wake. A cikinsu tsutsar take hayayyafa, sai ta fito da yawa tana yawo a ruwa, ido ba ya ganinta. Yaro ya tsunduma, cikin 'yan mintuna ta huda fatarsa. Bayan wata biyu zuwa uku ta girma ta tare a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum. Kowane ƙwai yana da ɗan tsini, shi ke keta bangon mafitsara ya fita da fitsari. Lokacin da mafitsara ta matse don fitar da ragowar fitsari, a nan jinin yake ɗigowa, shi ya sa kike ganinsa a ƙarshe.

Kaka ba ƙarya ta yi ba da ta ce babansa ya daina. Jinin yakan ragu idan mutum ya girma, don ya rage wasan ruwa kuma jikinsa ya ɗan koyi yaƙar tsutsar. Sai dai ƙwayayen da ba su samu fita ba suna nan maƙale a naman mafitsara, suna sa ta tauri da tabo. Shekaru bayan haka ake ganin toshewar hanyar fitsari, kumburin ƙoda, wasu har sankarar mafitsara. Tun yanzu ma yaron yana asarar jini a hankali, ya rame, ya riƙa gyangyaɗi a aji, malami ya ɗauka lalaci ne.

Ki kai shi asibiti a yi awon fitsari. A ɗebi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, har da ɗigon ƙarshe, lokacin ne ƙwai ya fi fita. Maganin Praziquantel ne, ana ba da miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, sha ɗaya. Yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu ke nan masu miligiram 600, amma ki bari ma'aikacin lafiya ya ɗora shi a sikeli. Ya fara cin abinci mai nauyi, kuma ya haɗiye ba tare da taunawa ba, don akwai ɗaci. Zai iya jin jiri ko murɗawar ciki a ranar, yana wucewa. A duba 'yan'uwansa da suke zuwa ruwa tare. Idan kuma aka zo rabon wannan magani kyauta a makarantarsu, ki bari ya sha.

Likita, ni manomin rani ne a gefen madatsar Zobe. Sau biyu ina shan maganin tsargiya, jinin ya tsaya, bayan wasu watanni ya dawo. Ko jabu ake sayar mini? Daga Dutsin-Ma.

Malam, jabun magani akwai shi a kasuwa, shi ya sa na fi son ka karɓa a asibiti ko kemis mai rajista. Amma tunda jinin yana tsayawa in ka sha, na fi zaton maganin yana aiki. Matsalar biyu ce. Praziquantel manyan tsutsotsi yake kashewa, waɗanda suka shiga jikinka makonni kaɗan kafin ka sha ba ya yi musu komai, za su girma su ci gaba da zuba ƙwai. Don haka likita kan sa a maimaita bayan wasu makonni. Na biyu, ba rigakafi ba ne. Ka sha yau, gobe ka shiga ruwa har gwiwa kana gyara bakin famfo, ka kwaso sabuwa.

Ba zan ce ka bar ruwa ba, abincinka ke nan. Ka sayi dogon takalmin roba da safar hannu ta roba. Ka rage shiga da tsakar rana, lokacin ne tsutsar ta fi fitowa daga dodon koɗi. Ka riƙa cire ciyawar da ke toshe magudanar gonarka, a nan suke zama. Ku manoman wurin ku haɗu ku hana fitsari da bahaya a bakin ruwa. Akwai irin tsargiyar da ke fita ta bahaya, tana kama hanji da hanta, ta kumbura saifa, mutum ya wayi gari yana aman jini, don haka in za a yi maka awo a haɗa da na bahaya. Mai sana'a irin taka ya kamata ya riƙa zuwa awo duk shekara.

Likita don Allah a sakaya sunana. Shekara biyu ina fama da ciwon mara da ƙaiƙayi, wani lokacin jini bayan saduwa. Kullum ce mini ake sanyi ne, na sha magani har na gaji, maigidana ya fara zargina. A ƙauye na tashi, a tafki muke wanki. Daga cikin birnin Katsina.

'Yar'uwa, Allah Ya ba ki lafiya. Jimlarki ta ƙarshe ita ce wadda ya kamata ki fara faɗa wa duk likitan da kika je wurinsa. Ƙwayayen tsargiya suna maƙalewa a bakin mahaifa da farji da bututun ƙwai, su kawo daidai alamomin da kika lissafa, wani lokaci har jinkirin haihuwa. Mu kanmu ma'aikatan lafiya mun cika gaggawar rubuta maganin sanyi ba tare da mun tambayi mace inda take wanki ba. Tsutsar kan rayu shekara 3 zuwa 5, wata ta fi haka nesa, tabon da ta bari kuma ya daɗe bayanta. Barin ƙauye bai isa ya wanke ki daga ita ba.

Ba na yanke hukunci daga nesa. Jini bayan saduwa yana bukatar likitan mata ya duba bakin mahaifa da idonsa, don sankara ma tana farawa da haka. Ki je sashen mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina ko babban asibitin da ya fi kusa da ke. Ki tafi da maigida ya ji da kunnensa cewa tsargiya ba a ɗaukarta ta hanyar saduwa.

Likita, ina karatun ilimin halittu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Na karanta cewa kunkurun teku ma yana da tsutsar jini. Ita ce tamu? Mai kama kififiya a tafki zai iya ɗauka?

Dangi ne, amma ba ita ba ce. Tamu Schistosoma ce, wadda likitan Jamus Theodor Bilharz ya gano a Alƙahira a 1851. Ta kunkuru daga gidan Spirorchiidae take. An sha samunta a jikin korayen kunkurun teku da igiyar ruwa ke jefowa gaɓa a Fulorida da Hawai ta Amurka da Kwinslan ta Ostareliya. Manyan tsutsotsin a zuciya da manyan jijiyoyin jini suke zama, kuma kamar a jikin mutum, ƙwayayen ne ke ɓarna. Jini ya kwashe su ya kai saifa da huhu da hanji har ƙwaƙwalwa, su toshe ƙananan jijiyoyi, nama ya kumbura kewaye da su, dabbar ta rame ta kasa iyo. Ga wani bambanci da zai yi maka amfani a jarrabawa: kowace tsutsar kunkuru mata-maza ce, tamu kuwa akwai namiji akwai mace, namijin yana rungume da macen a wani kwari da ke tsawon jikinsa. Masu jinyar kunkuru a can ma Praziquantel suke ba su.

Kififiyar ruwan daɗi tana da nata irin, amma ba ya kama mutum. Mai kamun kififiya ruwan da ya shiga ne zai ba shi tsargiya. In kana neman abin bincike kusa da gida, ka dubi shanu. Suna da tasu, Schistosoma bovis, an kuma samu wadda ta yi barbara da ta mutum a Senegal da Nijar. Irin wannan haɗin ne aka gano a jikin mutanen da suka yi iyo a kogin Cavu na tsibirin Kosika ta Faransa a 2013. A nan kuwa mashayar shanu da wurin wankan yara sau da yawa tafki ɗaya ne.

Ba mu da rijiya, ruwan tafki muke wanka da shi. Yaya za mu yi? Daga Jibiya.

Malama, ku ɗebo ku ajiye a randa ko duro, a tabbatar ba dodon koɗi a ciki, ya kwana biyu kafin a taɓa shi. Tsutsar ba ta wuce haka da rai in ba ta samu fata ba. In ana sauri a dafa. Mai ɗebowa ya yi amfani da guga mai igiya daga bakin gaɓa, kada ya tsoma ƙafa. Wannan dabarar ta tsargiya ce kaɗai, ruwan sha sai an tafasa shi saboda kwalara da taifot.