Da gaske akwai matuƙan jirgin da ke sa a yi ruwan sama?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina makarantar koyon tuƙin jirgin sama, sai na ji ana cewa akwai matuƙan da aikinsu shi ne shiga gajimare su sa ruwa ya sauko. Da gaske ne? Yaya aikin yake, kuma me ake nema wajen mai son shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Aikin yana nan, akwai masu cin abinci da shi. Amma bari in gyara maka magana ɗaya tun ba mu yi nisa ba: babu matuƙin da ke ƙirƙirar ruwa. Idan gari ya yi wasai, babu gajimare, ko jirgi ɗari ka tayar asarar mai kawai za ka yi. Gajimaren da ya riga ya haɗu ake taimaka wa ya sauke abin da yake ɗauke da shi.

A can saman gajimare akwai ƙananan ɗigon ruwa da sanyinsu ya wuce sifili amma ba su daskare ba, wasu har kusan digiri 40 ƙasa da sifili, domin ba su sami ƙwayar da za su kama ba. Sinadarin silba ayodaid yana da zubi irin na ƙanƙara, shi ya sa da ya shiga sai ruwan ya daskare a jikinsa, ƙwayar ta yi ta girma har nauyi ya jawo ta ƙasa. Bernard Vonnegut ne ya gano haka a kamfanin General Electric a ƙarshen 1946. A ranar 13 ga Nuwamba ta wannan shekarar kuma abokin aikinsa Vincent Schaefer ya watsa busasshiyar ƙanƙara, wato iskar kabon dayoksaid da aka daskarar, daga ƙaramin jirgi cikin gajimare kusa da Dutsen Greylock a Amurka, dusar ƙanƙara ta fara zubowa. A gajimare mai ɗumi gishiri ake amfani da shi, yana jawo laima ɗigon su haɗu su yi kauri. Da shi Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ke aiki, da jiragen King Air masu tashi daga birnin Al Ain.

To, ina matuƙi a ciki? A makaranta ana koya maka ka ga hadari ka kauce masa. Nan kuwa shi kake nema. Masanin yanayi yana zaune a ƙasa gaban na'urar rada, yana gaya maka ta rediyo wane curin gajimare ne ke tasowa. Sai ka shiga ƙarƙashin gindinsa, wajen nan mai duhu da ya yi shafal kamar an yanke da wuƙa, kana laluben iskar da ke hawa sama. Kafin allurar na'urar jirgi ta nuna maka za ka ji ta a jikinka: kujera ta tokare ka, jirgi na neman hawa alhali ba ka ƙara masa wuta ba. A nan za ka kunna sandunan sinadarin da aka jera a bayan fukafukai, suna ci kamar kyandir, iska na kwashe hayaƙin zuwa cikin gajimaren. Wani lokaci kuma ta sama ake bi, ka ratsa kan curin inda sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili, kana sakin sandunan daga cikin jirgi suna faɗawa ciki. Damar ta 'yan mintoci ce. In curin ya tsufa ya fara zubar da ruwansa, ka makara.

Babban abokin gabarka shi ne ainihin abin da ka je nema. Ruwan nan mai tsananin sanyi da ya taɓa jirgi yake daskarewa, ka leƙa ta taga ka ga farar ƙanƙara na taruwa a bakin fiffike, gudu na raguwa. Ga jijjiga, ga walƙiya, ga ƙanƙarar da ke iya fasa gilashi. Ni dai a ganina, gwanin wannan aiki shi ne wanda kafin ya shiga ya riga ya san ta inda zai fita, kuma ba ya jin kunyar juyawa.

Ba ruwa kaɗai ake nema ba. A lardin Albata na Kanada, tun 1996 kamfanonin inshora ke biyan kuɗin jiragen da ke barbaɗa wa hadari sinadari don ƙanƙarar da za ta faɗo a birnin Kalgari ta zama ƙanana. A jihar Aidaho ta Amurka dusar ƙanƙara ake son ƙarawa a kan duwatsu, don in ta narke ruwan ya shiga madatsun lantarki. Sin kuwa, ban da jirage, har rokoki take harbawa daga ƙasa.

Ko yana aiki? Yana yi, amma kaɗan, kuma aunawa na da wuya, tunda babu mai iya nuna maka abin da gajimaren zai yi da an ƙyale shi. Hujja mafi ƙarfi ta fito daga Aidaho a 2017, inda rada ta nuna layukan dusar ƙanƙara suna bin daidai sawun zirga-zirgar jirgin. Ambaliyar Dubai ta Afrilun 2024 da aka yi ta ɗora wa wannan aiki kuwa, babban hadari ne da masana suka hango kwanaki kafin ya iso.

Abin da za a tambaye ka shi ne lasisin tuƙin kasuwanci, da shaidar tuƙi da na'urori zalla ba tare da ganin waje ba, da ta jirgi mai inji biyu. Jami'ar Dakota ta Arewa da ke Amurka ta yi shekaru tana tura ɗalibanta su zauna kujerar mataimakin matuƙi a shirin jihar na barbaɗa wa gajimare sinadari. Sai dai ka sani aikin na kaka ne, guraben ba su da yawa, kuma mafi yawansa zaman jira ne a filin jirgi, waya a hannu. Tun yanzu ka riƙe darasin yanayi da hannu biyu, ka tara sa'o'in tashi cikin gajimare na gaske tare da malaminka.