Wai me masanin kayan tarihin Girka yake yi a jami'a?

Malam, ka tambaya ko wanda ya karanci fasahar Girkawan dā zama kawai yake a aji yana ba da labarin gumaka. A'a. Dubi rayuwar John Boardman, ɗan Ingila, wanda ya rasu a 2024.

A Kambirij ya yi karatu, da Girkanci da Latin. Daga 1952 zuwa 1955 yana mataimakin darakta a Makarantar Birtaniya da ke Atina, wata cibiyar bincike, ya yi tonon kayan tarihi a Emporio, tsibirin Kiyos na Girka. Ya koma gidan tarihi na Ashmolean a Okusfod, daga baya ya yi tono a Tokra, gaɓar tekun Libiya. Sai 1978 ya hau kujerar farfesa a jami'ar Okusfod, ya riƙe ta har 1994.

Galibin aikin kuwa tukwane ne, fasassu ma! Daga zanen jikin tsingaro ake gane zamaninsa, da garin da aka gina tukunyar, da inda fatake suka kai ta. John Beazley, wanda ya taɓa riƙe kujerar nan, har mai zanen yake ganewa daga yadda ya zana kunne ko idon sawu. A ganina nan daɗin aikin yake. Sai dai guraben koyarwa kaɗan ne, shi ya sa da yawa ke komawa gidajen tarihi.