Amsa ga Hajiyar da ke neman ƙaramar kyamara ta ɗaukar hoton iyali

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce kina son ƙaramar kyamara mai shiga jaka, wadda kowa a gidan zai iya latsawa, don ɗaukar yara da taron suna da biki da hawan sallah. Kin kuma ce kin ga wata a intanet an rubuta mata megafiksel 48 da bidiyon 4K a kuɗi kaɗan, kina tambaya ko ki saya.

Waccan dai ki bar ta. Irin waɗannan marasa sunan kamfani sananne, ƙaramar sensa ce a cikinsu, wato farantin da ke karɓar hasken hoto, kamar ta tsohuwar waya, manhaja ce ke hura hoton har ya kai lambar da aka buga a kwali. Gane su ba wuya: idan aka kunna, idon kyamarar ba ya fitowa gaba, kuma ko an latsa zum ba ya motsi. A jikin kwalin za ki ga "digital zoom" kaɗai, babu "optical zoom". Na farkon yanka hoton kawai yake yi ya faɗaɗa shi, sai ya fito dishi-dishi. Na biyun ne gilasan ciki suke motsawa su jawo abin kusa da gaske. Wayar da ke hannunki ta fi irin wannan kyamarar.

Maganar megafiksel ma, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto, ki cire ta daga lissafi. Hoton da ake wankewa na album, mai inci 4 da 6, fiksel 1200 sau 1800 yake buƙata, wato megafiksel 2 da ɗan ɗoriya. Girman takardar A4 bai kai 9 ba. Don haka ko 12 ce, ko 16, ko 20, duk sun ishe ki.

Abin dubawa na farko shi ne girman sensa, farantin da haske ke sauka a kai a cikin kyamarar. Ƙananan kyamarori iri biyu ne a nan. Yawancinsu suna da wadda ake rubutawa 1/2.3, faɗinta kusan milimita 6 da 4.5. Masu tsada suna da wadda ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, kusan ninki huɗu na waccan ke nan. Kamar ɗaki ne mai babbar taga da mai ƙarama: da rana tsaka duk a haske suke, sai magariba ta yi ake ganin bambanci. Shagalin gida kuwa yawanci a ɗaki ake yin sa, ko a rumfa, ko da dare a ƙarƙashin ƙwai ɗaya. A irin wannan wurin mai ƙaramar sensa takan fitar da fuska da ɗigo-ɗigo, launin atamfa ya dushe. Gaskiyar da masu sayarwa ba su cika faɗa ba ita ce waya mai kyau ta zamani takan doke irin wannan kyamarar a duhu, domin wayar hotuna da yawa take ɗauka a ƙiftawar ido ta haɗe su wuri ɗaya. Inda ƙaramar kyamara ta fi waya wuri uku ne: jawo abu na nesa, filasha ta gaske mai ƙarfi, da kuma cewa za ki iya miƙa wa yaro ya yi ta ɗauka ba tare da an cinye miki cajin waya ko an shiga saƙonninki ba.

Na biyu, lambar da aka rubuta a bakin idon, kamar 1:1.8-2.8 ko 1:3.3-6.9. Tana nuna yawan hasken da idon ke bari ya shiga, kuma ƙaramar lamba ita ce mai yawan haske. Ta farko idan ba a yi zum ba ce, ta biyu idan an kai zum ƙarshe. Mai 1.8 ta fi mai 3.5 shigar da haske kusan sau huɗu. Amfanin haka shi ne kyamarar za ta ƙifta da sauri, yaron da ba ya zama wuri ɗaya ya fito sarai maimakon ya fito kamar inuwa.

Bisa abin da kika lissafa, shawarata ki nemi mai inci ɗaya ko da ta hannu ce. Biyu ne suka fi dacewa. Akwai Canon PowerShot G7 X Mark II ta 2016, zum ɗinta 24 zuwa 100, wato kusan ninki huɗu, haskenta 1.8 zuwa 2.8, allonta ana taɓawa kamar na waya, yana kuma juyowa sama idan mutum zai ɗauki kansa. Tsarin maɓallanta ya fi sauƙi ga sabon hannu. Akwai kuma Sony RX100 III ta 2014, zum 24 zuwa 70, haske iri ɗaya da na Canon ɗin, tana da ƙaramin maleƙi da ke tasowa sama, wanda ke da amfani sosai a cikin hasken ranarmu, lokacin da allo ba ya ganuwa. RX100 ta farko, ta 2012, ta fi araha kuma hotonta har yanzu mai kyau ne, sai dai ba ta da Wi-Fi kuma allonta ba ya juyawa. Ki sani cewa 'yan shekarun nan matasa sun yi rububin G7 X saboda TikTok da Instagram, farashinta ya hau, don haka kada ki yi mamaki idan kin tarar ta hannu ta fi Sony tsada.

Idan kuma hawan sallah da wasannin makaranta ne suka fi damunki, inda za ki tsaya nesa kina son fuskar mahayi ta cika hoton, to zum kike nema. Canon SX740 HS ta 2018 tana da ninki 40, Panasonic Lumix TZ99 tana da ninki 30. Dukansu ƙaramar sensa ce, da rana suna aiki sosai, da dare sai da filasha. Amma hawa sau biyu ne a shekara, hoton cikin gida kuwa kullum ne, shi ya sa ban sa su a gaba ba. Sony RX100 VII ta haɗa inci ɗaya da zum 24 zuwa 200, sai dai kuɗinta ya yi wa mai farawa yawa.

Gidan da yara ƙanana za su riƙa ɗauka, Olympus Tough TG-6 ko ƙanwarta OM System TG-7 ta 2023 ta fi kwanciyar hankali. Ita zum ɗinta a ciki yake motsi, idonta ba ya fitowa waje, ƙura ba ta shiga, tana jure ruwa har zurfin mita 15 da faɗuwa daga kimanin mita 2.

A masu sauƙin kuɗi akwai Canon IXUS 285 HS da Sony W830 da Kodak Pixpro FZ55. A nan ki kula da abu ɗaya: na'urar hana rawar hannu ta cikin ido, wadda Canon ke rubutawa IS, Sony kuma Optical SteadyShot. W830 tana da ita, W800 ba ta da ita, haka IXUS 185 ma ba ta da ita. Idan babu, da kin ja zum a inuwa hoton zai yi rawa ko da kin riƙe numfashi.

Yawancin waɗannan a hannu za ki same su, a wurare irin su Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, ko wajen masu kawo kayan hannu daga Turai. Ko ina ne, kada a biya kuɗi sai an gwada, kuma ki je da katinki. A kunna a kashe kamar sau goma, a ja zum ya kai ƙarshe ya dawo, ki kasa kunne. Ƙara mai santsi ita ce daidai. Idan kin ji ƙas-ƙas, ko idon ya tsaya a hanya sannan ya ci gaba, yashi ya shiga haƙoran da ke tura shi, kuma ba da jimawa ba zai rubuta "lens error" ya ƙi buɗewa. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe ƙananan kyamarori, gyaranta kuma yakan kusa kai kuɗin wata. Bayan haka a ja zum ƙarshe a ɗauki farin bango ko sararin sama, a buɗe hoton a faɗaɗa. Idan akwai baƙin tabo da ke fitowa a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce a kan sensa, kuma tun da idon ba ya cirewa sai an kwance kyamarar gaba ɗaya kafin a share. A haska tocilan waya cikin gilashin: farin abu mai rassa kamar saƙa naman gwari ne da laima ta haifar, ki bar ta. A ciro batir a ɗora a kan tebur, idan yana lilo ya kumbura, sai an sake. A gwada filasha sau uku a jere, a duba murfin batir ko ƙugiyarsa ta karye, a soka wayar caji a ga ramin yana kamawa.

Batir ɗin waɗannan kyamarori ƙarami ne, hoto 200 zuwa kusan 400 yake ɗauka a caji ɗaya, filasha da bidiyo kuma suna rage shi. Ga yanayin wutarmu, ki sayi na biyu tun ranar farko. Ki rubuta lambarsa kafin ki je kasuwa: G7 X da SX740 NB-13L suke ci, RX100 kuma NP-BX1. Dangin RX100 ana iya cajinsu da waya daga fawa banki, wanda babban sauƙi ne a wurin biki. Idan kin ɗauki mai cin batir AA, kamar Kodak FZ45, ki nemi masu caji na NiMH. Na tocila masu arha ba sa iya ba da ƙarfin da filasha ke ja, bayan 'yan hotuna sai ta mutu, ki zaci kyamarar ce ta lalace.

Katin memori na 32GB mai Class 10 ya isa, zai ɗauki hoto wajen 4,000 a megafiksel 20. Sai in za ki yi bidiyon 4K ne za ki nemi mai alamar U3 ko V30. Tsofaffin kyamarori na kafin 2010 da yawa ba sa karanta katin 64GB, domin shi SDXC ne, su kuwa SDHC suka sani, wanda ya tsaya a 32GB. Jabun kati ya yi yawa a kasuwa: yana nuna 64GB alhali cikinsa bai kai 8 ba, da ya cika sai sababbin hotuna su ƙi buɗewa. A gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw kafin ranar taro, sannan a goge shi, wato a yi masa "format", daga cikin kyamarar da kanta. Wajen tura hoto waya, Canon na da manhajar Camera Connect, amma abin karanta kati da ake sokawa a gindin waya ya fi sauri kuma ba ya katsewa. Idan za ki tura wa dangi a WhatsApp don su wanke, ki tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton.

Wajen ɗauka, ki bar ta a Auto, amma ki koya wa kowa latsa maɓalli rabi. A latsa rabi, a jira koren akwati ya fito a kan fuska, sannan a ƙarasa. Yawancin hotunan da ke fitowa a dushe daga latsawa gaba ɗaya lokaci guda ne. Filasha kuma iyakarta 'yan mitoci ne, wanda ya wuce nan ba ta kai masa.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu. Idan maza sun jeru cikin fararen shadda ranar sallah, kyamarar tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, fuskoki su yi duhu har ba a gane ido. Maganinta a juya ta daga Auto zuwa P, a nemi alamar +/-, a ƙara zuwa +0.3 ko +0.7. Ko kuma a tilasta filasha ta tashi ko da rana ce, musamman idan mutanen suna bakin zaure haske na bayansu. Inuwar bishiya ko rumfa ta fi tsakar rana fitar da fatarmu da kyau. A bidiyo kuma, idan kin ga haske yana rawa a ƙarƙashin fitilun ɗaki, ki sa ta a PAL, wato 25 ko 50 a daƙiƙa, domin wutar Najeriya da Nijar mai bugu 50 ce.

Lokacin hunturu da hazo ki riƙa kashe ta da zarar an gama ɗauka don idon ya koma ciki, ki sa ta a 'yar jaka mai zif. Kada a jefa ta tsirara cikin jakar hannu tare da hoda da makulli, kuma kada a goge gilashin da bakin mayafi, ƙurar da ke jiki za ta kankare shi. A hura da 'yar roba mai hura iska tukuna, sannan a goge da ƙyallen tabarau. Idan ido ya maƙale kada a tura shi da yatsa, a cire batir a mayar a sake kunnawa. Da damina a ajiye ta da 'yan ƙunshin silika da ke zuwa a kwalin takalmi, idan kuma za ta daɗe a ajiye a cire batir da rabin caji. Igiyar hannu da take zuwa da ita a ɗaura ta tun yau, kuma duk yaron da zai karɓa ya zura hannunsa ciki kafin ki sake masa.