Tambaya da Amsa: Me ke sa kogin ƙanƙara zabura?

Tambaya: Malam, na ji an ce kogin ƙanƙara, wato tulin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga tsauni, kan yi shekaru yana rarrafe, kwatsam ya kama gudu. Ɗumamar yanayi ce ke jawo haka?

Amsa: Ba ita ke tayar da shi ba, amma da hannunta a ciki. Kogunan ƙanƙara masu zabura kusan kashi 1 ne cikin 100, kuma sun taru ne a wurare ƙalilan, irin su Alaska, tsibiran Svalbard na Norway, Aislan da tsaunukan Karakoram da Pamir na Asiya. Ba a cika samun su a inda sanyi da fari suka yi tsanani ba, haka ma inda ɗumi da ruwan sama suka yi yawa. A tsaka-tsakin nan suke.

Dusar ƙanƙara kan taru a saman tsauni shekara da shekaru, yayin da ɓangaren ƙasa ke narkewa yana sirancewa. Sama ya yi nauyi, gangara ta ƙaru. A ƙarƙashi kuwa akwai magudanan da narkakken ruwa ke bi. Idan suka toshe, ruwan ya rasa mafita, sai ya matsu tsakanin ƙanƙara da dutse, ya ɗan ɗaga ta, ta kama sulɓi. Gudun kan ninka sau 10 zuwa 100, bayanta duk ya tsattsage. Kogin ƙanƙara na Variegated a Alaska ya haura mita 50 a rana a zaburar 1982 zuwa 1983. Da ruwan ya samu hanya ya ɓalle, jawur da laka, sai gudun ya mutu.

To ina yanayi ya shigo? Shi ke yanke tsawon jira tsakanin wata zabura da ta gaba. Dusa ta yawaita, sama ya cika da wuri. Ta yi ƙaranci, zabura ta jinkirta, wani ma ya daina gaba ɗaya. Na Alaska kan huta shekara 20 zuwa 40. Na Svalbard, inda dusa ba ta da yawa, wani kan haura shekara 100.

Tambaya: Akwai haɗari ga mutane?

Amsa: Sosai ma, musamman idan ƙanƙarar ta tare rafi ta tara tafki. A Mayun 2022 tafkin da kogin ƙanƙara na Shisper ya tara a Hunza, Pakistan, ya fashe, ambaliyar ta karya gadar Hassanabad. Shi ya sa masana ke bin hotunan tauraron ɗan'adam, suna duba sababbin tsage da hawan ruwan tafki.