Amfilin jita na ɗauka a hannu: wanne jika 60 za ta saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi. Yayana ya kawo mini jitar lantarki daga Agadas, yau wata bakwai ina koyo babu amfili, wato na'urar ƙara sautin jita, sautinta kamar kukan sauro. Na tara jika 60. Ina son wanda zan ɗora a babur, in yi koyo a gida, wata rana kuma in kaɗa a wurin biki. A kasuwa an nuna mini wata sifika mai Bluetooth, an rubuta wat 1000 a kwalinta. In saye ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'a. Wata bakwai kana koyo ba ka jin kanka sosai, wannan haƙuri ne, kuma ba na son kuɗin da ka tara su tafi a banza. Ka bar wannan sifikar inda ka gan ta.

An yi ta ne don waƙar da ke fitowa daga waya. Abin da jita ke turowa ta igiya ɗan siginal ne mai rauni, yana buƙatar ƙofar da aka ƙera dominsa. In ka cusa shi a ramin makirfo, za ka ji sauti a dakushe, kaifin siraran wayoyin jita ya ɓace. In kuma ka ce ta Bluetooth za ka haɗa, sai ka taɓa wayar jita sautin ya biyo baya da ɗan jinkiri, kuma mai koyo ba ya saita hannunsa da sautin da ke makara. Wat 1000 ɗin nan kuwa yawanci lissafin PMPO ne, wato ƙarfin da na'ura ke kaiwa na ƙiftawar ido. Lambar da ake dogaro da ita ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta.

Ko wat na gaskiya ma ba ya aiki yadda mutane ke zato. In ka ninka shi biyu, ƙarin ƙara kaɗan kunne zai ji, desibel 3 kacal. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai wat ya ninka kusan sau goma. Shi ya sa nake cewa ka fi duba faɗin sifikar da ke cikin amfilin. Mai inci 3 tana da siririyar murya, mai inci 5 ko 6 ta fara samun ƙirji, mai inci 12 ita ce ta dandali.

A garinmu tambaya ta farko ita ce wuta. Ka san yadda take yi mana a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Amfilin da ba ya aiki sai da kuran zai bar ka zaune kana jira a daidai lokacin da kake da sukunin koyo. Don haka mai batir nake ba ka shawara.

Wanda na fi yarda da shi a irin kuɗinka shi ne Roland Micro Cube. Na farkonsa ya fito a 2004, wat 2 ne, sifika inci 5, yana cin batir AA guda shida, kuma batir masu kyau suna kai shi wajen awa 20. Akwai wanda ya biyo baya, Micro Cube GX, mai wat 3. Jikinsa da ƙwari, yana da maɗauri na rataya, kuma yana ɗauke da amsa-kuwwa da sauran kayan ƙawata sauti a ciki, ba sai ka sayi wata na'ura daban ba. Na hannu za ka fi samu, kuma ban ga aibu a hakan ba. Boss Katana Mini yana da wat 7 da sifika inci 4, shi ma AA shida, nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba, sai dai ya fi cin batir, wajen awa 7 yake yi, kuma adaftarsa daban ake sayar da ita. Blackstar Fly 3, wat 3 da sifika inci 3, na cikin ɗaki ne, yana da daɗi in an yi ƙasa da shi. Fender Frontman 10G yana da wat 10 da inci 6 kuma yana da sauƙin kuɗi, amma ba ya ɗaukar batir.

In ka ga farashi a intanet, ka lissafa da kanka: Yuro 1 daidai yake da sefa 656. Abin da aka sa wa Yuro 100 ya kusa jika 66 tun kafin kuɗin kawowa da na kwastan. Kada ka kashe jika sittin ɗin duka a kan amfili. Ka ware wani abu don igiyar jita mai kyau da batir AA masu caji, irin NiMH, tare da cajarsu. Batir ɗin tocila masu araha ba sa daɗewa, kuma in aka manta su a ciki cikin zafi sai su yi yoyo su cinye ƙarfen mazauninsu.

Maganar biki kuwa, gaskiya zan faɗa maka: wat 2 ko 7 ba za su yi gogayya da ganga da kalangu a fili ba. Wanda aka yi don waje shi ne irin Roland Cube Street EX, wat 50, sifika biyu masu inci 8, batir takwas, amma kuɗinsa ya ninka naka sau da yawa. Dabarar da ta fi ita ce ranar biki ka ajiye ƙaramin naka a kan kujera, mai kayan sauti ya kafa makirfo a bakin sifikarsa, manyan sifikun haya su ɗauki nauyin. Sautin da ka saba da shi a gida shi jama'a za su ji.

Tambaya: Malam, wani abokina a Kano ya samo mini amfili na gwanjo da aka kawo daga Amurka. Me zan duba kafin in biya?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da juya bayansa ka karanta. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Nijar 220. In an rubuta 120V kawai, ba ya shiga soket ɗinmu sai da taransifoma mai rage wuta. In an rubuta 100–240V, babu matsala. An taɓa kawo mini wani da mai shi ya jona a daren da ya iso, ko minti ɗaya bai yi ba hayaƙi ya tashi. Har yau ina jin zafin abin, don kuɗin shekara guda ne yaron ya tara.

Adafta ma tana kashe amfili. Na Boss da Roland da na ambata, wato Katana Mini da Micro Cube na farko, bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu nagatib ne, akasin yawancin adaftocin da ke zube a kasuwa. Bakin zai shiga daidai, amma wutar a juye take. Akwai ɗan zane kusa da ramin, ka gwada shi da na jikin adaftar.

Sannan abokinka ya je da jita ya gwada a gaban mai kaya. Ya murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. In yana ƙarƙar, galibi ƙura ce, mai gyaran rediyo zai wanke ta da feshi. Ya girgiza igiya a bakin rami ya ji ko sauti na yankewa. Ya ɗaga ƙara ya kaɗa waya mai kauri: in ya ji kamar takarda na karkarwa, sifikar ta yage. Ya buɗe mazaunin batir ya duba ko akwai farin gari ko tsatsa. In mai kwalaben gilashi ne a ciki, wanda ake kira bawul, ka haƙura da shi, yana da nauyi, yana zafi, hanyar Jibiya zuwa Ɗan Isa a bayan mota ba za ta yi masa daɗi ba.

Tambaya: Amfilina yana yin gurnani in na jona shi a inbatar sola. Ya lalace ne?

Amsa: Cire shi daga wuta ka sa batir. In gurnanin ya tafi, amfilinka lafiya lau yake, inbatar ce mai araha da ba ta fitar da wuta mai santsi, kuma ƙaramin janareta ma yana yin haka. In bai tafi ba, canza igiya, ka nisanta jitar daga cajar waya da doguwar fitila. Lokacin hunturu kuma, da ka gama ka lulluɓe shi da zane.